Tafkin da muka je nema a Mokoan, da matakan da na bi kafin mu kwana a bakinsa

Na rubuta wannan bayani ne saboda 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da ke zuwa jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, waɗanda wata rana za su so su fita daga birnin Melbon su kwana a daji kamar yadda mutanen ƙasar suka saba yi a lokacin hutu. Mu huɗu ne muka yi tafiyar a ƙarshen watan Afrilu na 2023, mako guda bayan ƙaramar Sallah, amma shirinta ya ci mini kusan wata biyar, kuma yawancin wahalar da na sha ta samo asali ne daga rashin fahimtar irin wurin da muka nufa.

Abin ya fara ne a watan Disamba na 2022, lokacin da na ga wata tsohuwar taswirar jihar a jikin bango a sashenmu na jami'a, na hango wani babban shuɗin tabo a arewa maso gabas, kusa da garin Benalla, an rubuta masa Tafkin Mokoan. Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne da ya yi karatu a Kano, don haka da na ji an ce madatsar ruwa ce ta noman rani, nan take zuciyata ta kawo mini Tiga, na fara lissafin kwalekwale da kamun kifi da iskar bakin ruwa, har na kwaɗaita wa abokaina uku. Da na zauna neman wurin a intanet sai na rasa inda ake kama wurin kwana da wannan suna, duk inda na latsa sai a kai ni wani gandun daji mai suna Winton Wetlands. Na kwana biyu ina zaton wurare biyu ne maƙwabtan juna, sai da na kira ofishin masu kula da gandun a waya, wata mata ta saurare ni har na gama, sannan ta shaida mini cikin ladabi cewa tafkin da nake nema an sake ruwansa fiye da shekara goma da suka wuce, kuma filin da ya bari shi ne wannan gandu.

Ya kamata mai niyyar zuwa ya san tarihin wurin, domin shi ne zai gaya masa abin da zai tarar. Asalinsa jerin fadamu ne da dausayi a ƙasar kabilar Yorta Yorta, waɗanda suka rayu a kansu tun kafin zuwan Turawa. A 1971 aka kammala gina doguwar ganuwar ƙasa, aka janyo ruwa ta magudana daga kogin Broken da rafin Holland, aka mayar da fadamun ma'ajiyar ruwa mai cin lita biliyan 365 domin manoman rani. Ruwan ya cinye gonakin iyalai da dama, ya kuma kashe itatuwa sama da 100,000 da suka tsaya a cikinsa. Matsalar ita ce tafkin yana da faɗi amma ba shi da zurfi, kamar faranti, saboda haka rana tana shanye kimanin lita biliyan 50 a kowace shekara, ga laka, ga wata irin gansakuka mai guba da ta riƙa rufe shi har a hana mutane da dabbobi taɓa ruwan. A 2004 gwamnatin jihar ta yanke shawarar daina amfani da shi. Manoma da masunta da masu wasan jirgin ruwa sun yi adawa ƙwarai, amma zuwa 2010 an gama aikin, aka ware dala miliyan 20 na kuɗin ƙasar don farfaɗo da filin mai faɗin hekta 8,750. Tun daga nan ruwan wurin ya koma bin damina: shekarar da aka samu ruwan sama ya cika, shekarar fari ya ƙafe har ƙasa ta tsage. Mu mun yi sa'a, domin ambaliyar watan Oktoba na 2022 da ta shafi Benalla da Shepparton ta cika fadamun.

Mataki na farko da ya tsayar da ni shi ne lasisin tuƙi. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Southern Cross ya sauke mutum a Benalla, amma daga garin zuwa gandun akwai tafiyar kusan minti 20 a mota, sannan cikin gandun kansa tafiya ce mai nisa, ba a yin ta da jarkokin ruwa a ka. Na ɗauka lasisina na Najeriya zai wadatar tunda da Turanci aka rubuta shi, ashe dokar jihar tun daga 2019 ta ce duk wanda ya yi wata shida yana zaune a Biktoriya dole ya sauya zuwa lasisin jihar, ko da bizarsa ta ɗalibi ce, ni kuwa na riga na haura wata takwas. Na nemi ranar ganawa a ofishin lasisi, na je da fasfo, da ainihin lasisina na gida, da katin banki, da takardar hayar ɗaki mai nuna adireshina, aka duba idanuna a nan take. Jarrabawa uku ce: ta dokokin hanya, da ta gane haɗari a allon kwamfuta, da ta tuƙi tare da mai jarrabawa. Biyun farko ban sha wuya ba. Ta ukun na jira mako biyar kafin a samu gurbi, na biya mai koyar da tuƙi dala 70 a kan kowace awa har sau uku don hannuna ya saba da bin hagu, duk da haka na faɗi. Laifina ne, domin sau biyu na sauya layi da madubi kaɗai ban waiwaya na dubi kafaɗata ba, kuma a nan sai mai jarrabawa ya ga kanka ya juya da idonsa. Na fito jikina a sanyaye, mutumin da ya shekara tara yana tuƙi tsakanin Kano da Haɗeja. Na sake biya, na sake jiran mako uku, a karo na biyu na ci, kuma da yake na haura shekara 21 kuma lasisina ya wuce shekara uku, sai aka ba ni cikakke, ba na sabon direba ba. Wannan bambanci yana da amfani a wajen masu ba da hayar mota.

Wannan jinkiri ya zame mana alheri. Da farko watan Janairu muka sa, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, zafi kan haura digiri 40 a arewacin jihar, kuma a farkon 2023 hukumomin lafiya suna ta gargaɗi a kan sauro a yankunan da aka yi ambaliya, saboda cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta kwarin Murray da sauro ke yaɗawa. Babban cikinmu, wanda muke kira Malam, shi ya ce, "Ku bari mu sha ruwa tukuna, bayan Sallah sanyi ya sauko, sauro ya ragu." Haka aka yi, muka bar Ramadan ya wuce.

Kama wurin kwana shi ne mafi sauƙi a duk matakan, bai ɗauke ni minti 15 ba. Ba a yarda mutum ya kafa tanti inda ya ga dama ba, akwai 'yan wurare da aka keɓe, a 2023 ana zaɓar ɗaya ne a shafin gandun, a sa ranakun, da yawan mutane, da lambar waya, a biya da kati, sai takardar shaida ta shigo ta imel. Kuɗin kwana biyu na mu huɗu bai kai abin da muka kashe a man mota ba. Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne ƙa'idojin da ke tare da takardar, waɗanda na so in tsallake kamar yadda muka saba: mutum ya zo da ruwan shansa, ya tafi da sharar da ya tara, kada ya tsinci itace a cikin gandu, kada ya kunna wuta sai a murhun da aka tanada, kuma ya duba halin hanyoyi kafin ya taso domin wasu kan nutse bayan ruwan sama. Na buga takardar da taswirar gandun a kan takarda, kuma na gode wa Allah da na yi hakan, don a inda muka kwana waya tana kamawa tana saki.

Batun wuta sai da na zauna na karanta shi a natse, domin a Biktoriya ba abin wasa ba ne. An raba jihar gida tara ta fuskar hasashen gobarar daji, Benalla tana cikin yankin arewa maso gabas, kuma hukumar kashe gobara ta karkara tana iya ayyana ranar haramta kunna wuta baki ɗaya a yanki, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. A irin wannan rana babu wutar itace, babu gawayi, wato babu tsire babu balangu, sai murhun gas na girki, shi ma da sharaɗin a share duk abin da zai iya kamawa har tazarar mita uku, a ajiye ruwa aƙalla lita 10 a kusa, kuma babba ya tsaya a kansa har a kashe. Wanda ya saɓa yana fuskantar tara mai nauyi, har da ɗauri. Na sauke manhajar gargaɗin gaggawa ta jihar, VicEmergency, a wayata, na sa ta riƙa sanar da ni halin yankin. Na kuma kira kamfanin inshorar lafiyata ta ɗalibai na tabbatar tana ɗaukar kuɗin motar asibiti, saboda a wannan jiha ba kyauta ba ce, kuma ɗauko mutum daga karkara yana iya cin dubban daloli. Lambar gaggawa ita ce 000. A kantin magani na sayi faffaɗan bandeji guda biyu saboda maciji, mai kantin ya nuna mini yadda ake naɗe ƙafa tun daga yatsu har cinya a hana ta motsi, ya kuma ja kunnena cewa ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a wanke shi, akasin duk abin da na taso ina gani a gida.

Biyu daga cikinmu suna son jefa fatsa, don haka sai da muka yanki lasisin kamun kifi, wanda wajibi ne ga mai shekara 18 zuwa ƙasa da 70. Ta manhajar gwamnatin jihar, Service Victoria, muka yi, na kwana uku dala 10 ne a lokacin, ya shigo waya nan take. Akwai ƙa'idoji biyu da suka ba mu mamaki. Babban kifin ƙasar da ake kira Murray cod ba a ɗaukarsa sai tsawonsa ya faɗa tsakanin santimita 55 da 75, kuma an rufe kamunsa daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Shi kuwa kifin kaf (carp), wanda aka shigo da shi daga waje ya addabi kogunansu, haramun ne a mayar da shi ruwa da rai bayan an kama. Mutanen ƙasar ba su cika cinsa ba, Malam kuwa cewa ya yi in dai yaji da man gyaɗa suna nan, ba a yi kifin da zai gagare mu ba.

Hayar mota ce ta fi cin kuɗi, kuma a nan ne na kusa yin babban kuskure. Kamfanin farko da na biya wa kafin alkalami ta intanet, sai da na je karɓar mota na karanta yarjejeniyar a tsaye a gaban kanta, na ga an rubuta cewa inshora ba ta aiki a kan hanyar da ba kwalta, alhali hanyoyin cikin gandun na tsakuwa ne da ƙasa. Na fasa, na yi asarar dala 50, na koma wani kamfani da ya yarda da hanyar burji. Kwana uku da ƙarin inshora sun kama dala 340, aka kuma riƙe dala 500 a katina a matsayin jingina. Tanti biyu na hannu na saya ta Facebook a kan dala 110, muka ari buhunan barci da fitilu, muka sayi nama na halal a titin Sydney da ke Coburg, da jarka uku ta ruwa mai lita 20 kowace, da buta, da buhun itace biyu a wani gidan mai a Benalla.

Mun taso bayan sallar Juma'a, muka hau babbar hanyar Hume, tafiyar kimanin kilomita 200. Lissafina ya yi kuskure da awa guda, domin a ƙarshen Afrilu rana tana faɗuwa tun wajen biyar da rabi, kuma tsayawar sayen itace ta ci lokaci. Mun shiga gandun da almuru, daidai lokacin da aka ce a guji tuƙi saboda kangaru, kuma ba mu yi kilomita biyu ba sai ga guda uku sun tsallaka gabanmu, na taka birki har jarka ta kife a bayan mota. Babu mai gadi, babu ƙofa, babu wanda ya tambaye mu takarda. Muka bi alamomi har wurinmu, muka kafa tanti da hasken fitilar mota, hannuwa na rawar sanyi, ƙasa kuma ta ƙi karɓar turaku sai da muka samo dutse. Banɗakin masai ne irin namu na ƙauye, mai tsabta, babu famfo, butar nan ta yi ranarta.

Da asuba Malam ya shimfiɗa darduma ya fuskanci inda gari ke wayewa, kamar yadda ya yi duk tsawon rayuwarsa a gida, har ya ɗaga hannu zai kabbara, sai ƙaraminmu ya ce, "Malam, a yi haƙuri, gabas ɗin nan ba ita ce gabas ba." Daga wannan yanki alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, abin da duk mun sani a masallatan Melbon, amma a fili babu bango babu mihrabi sai jiki ya koma wa sabonsa. Muka juya muka ba fitowar rana baya, muka yi sallah, sauran sallolin kuma muka yi ƙasaru.

Da gari ya waye ne na ga abin da aka yi shekaru ana gardama a kansa. Dubban matattun itatuwa ne tsaye a cikin ruwa, fari fat, babu ganye babu ɓawo, iya ganinka, hazo yana tashi a tsakaninsu. Na matsa kusa da wasu 'yan matasan itatuwa da ke tsirowa a gefen ruwa, na murza ganye ɗaya na sansana, sai na ji ƙamshin da na sani tun ina yaro: bishiyar turare ce, irin wadda aka jera a matsayin katangar iska a Jigawa da Kano da Katsina, ashe nan ne gidanta na asali. A can gida mun san ta siririya, ana sare ta a yi azara, a nan kuwa kututturen wasu matattun sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. A lokacin na fahimci dalilin hana tsintar itace, domin ramukan jikin matattun nan gidaje ne, na ga fararen aku masu rawayar tukku suna shiga suna fita da kururuwa, reshen da ya faɗi ƙasa kuma maɓoyar ƙadangaru ne da ƙwari. A kan ruwa akwai kwasakwasa, da zalɓe, da agwagin ruwa iri-iri, da wasu manyan baƙaƙen tsuntsaye masu dogon wuya da jan baki da suka fi dinya girma, sama kuma wata farar gaggafa tana shawagi. Mun ga kififiya mai dogon wuya tana tsallaka hanya, muka tsaya har ta wuce. A wasu tsofaffin itatuwa akwai tabo mai siffar kwalekwale, inda mutanen Yorta Yorta suka ɓare ɓawo tun zamanin da, kuma doka ta hana a taɓa su.

Ban iya hana kaina tunanin gida ba. Fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachala kuma ta toshe magudanai, iyayenmu masunta da manoman shinkafa sun san wannan a jikinsu. Ba ina cewa a fasa Tiga ba, domin birnin Kano da manoman Kadawa da Kura a kanta suke rayuwa, kuma ita tana da zurfin da Mokoan bai taɓa samu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganin cewa shekara 13 bayan sakin ruwan, sabbin itatuwan ba su wuce tsayin ɗaki ba, alhali waɗanda aka kashe sun yi ɗaruruwan shekaru kafin su kai girman da suka kai.

Ranar Asabar mun je cibiyar baƙi da ke buɗe a lokacin a gefen arewa, a bakin tsohon tafkin, muka sha shayi, muka karɓi bayanin hanyoyin da ruwa ya rufe, sannan muka nufi tafkunan da ke kusa da tsohuwar ganuwa inda ake jefa fatsa. Awa uku muka samu kaf biyu, Malam ya soya su da daddare, ƙaya ta yi yawa amma ba mu bar komai ba. Kwalekwalen da na yi ta mafarki bai samu ba, domin ruwan ba shi da zurfi, cike yake da kututture, kuma ba mu zo da namu ba. Daren na biyu sanyi ya fi na kowane hunturu da na sani, buhunan barcin da muka aro na bazara ne, na kwana da riga uku da safa biyu, itacenmu kuma ya ƙare tun ƙarfe tara, ga busassun rassa ko'ina a gabanmu ba damar ɗauka.

Da zan sake wannan tafiya, da lasisin tuƙi zan fara tun kafin wata shidan farko ya cika, domin shi ne matakin da ba a iya gaggauta shi. Zan kira masu kula da gandun in tambayi ko akwai ruwa a wannan shekara da kuma wanda ke karɓar rajistar kwana a lokacin, maimakon in dogara da taswira ko hotunan da wani ya ɗauka a shekarar ambaliya. Zan zaɓi Afrilu ko Oktoba, in karanta yarjejeniyar mota kafin in biya ko sisi, in taso da safe ko da hakan na nufin tafiya ranar Asabar, in ninka itace, in kuma nemi buhun barci na sanyi. Ruwa lita 60 ya ishe mu mu huɗu na kwana biyu har da alwala da wanke-wanke, amma da kyar, don haka mai tafiya da iyali ya ƙara jarka ɗaya.

Ranar Lahadi da hantsi muka kashe toka da sauran ruwan jarka har ta yi sanyin da za a iya taɓa ta da hannu, muka kwashe shararmu a leda biyu muka zubar a Benalla. Kafin in mayar da mota sai da na biya dala 15 na wanke jar lakar da ta manne a tayoyi da ƙasan ƙofofi, na cika tanki, na ɗauki hotonta ta kowane gefe a harabar kamfanin. Jinginar dala 500 ta dawo katina bayan kwana tara, an cire kuɗin hanyar da muka bi a cikin Melbon, wadda ba ta da shingen karɓar kuɗi, kyamara ce kawai ke ɗaukar lambar mota.